Tambaya da Amsa: Ina Son Fara Wasa da Arduino, Ta Ina Zan Kama?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato ƙananan bod ɗin nan da ake rubuta wa kod su kunna fitila ko su juya moto, su Arduino da ESP32 da Pico, shi ya sa na tattara su waje ɗaya. Wasu tambayoyin na rage musu tsawo, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya barka da aiki. Ni dai na daɗe ina kallon bidiyon mutane suna haɗa abubuwa da Arduino, wani ya haɗa ƙofa mai buɗe kanta wani kuma ƴar mota mai kauce wa bango, abin yana burge ni wallahi amma da na tashi saya sai na rikice, wani yace Uno, wani yace ai Uno ya tsufa in sayi ESP32, wani kuma yace Raspberry Pi yafi su duka. Dan Allah wanne zan fara dashi? Kuma ni ban taɓa karanta lantarki ba. — Daga wani ɗalibi

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara cire Raspberry Pi daga lissafin, in dai babban ake nufi wanda ya fara fitowa a 2012, domin shi cikakkiyar kwamfuta ce, Linux ke gudu a kanta, ana jona mata allo da kibod, tana buƙatar katin memori kuma in ka kunna sai ka jira ta tashi. Su Arduino ba haka suke ba. Abin da ke aiki a kan bod ɗin aisi ne, wato IC, guda ɗaya da ake kira maikurokontirola, a cikinsa akwai ƴar ƙwaƙwalwa da ɗan memori, sai ƙafafu da zai iya tura musu wuta ko ya ji ko akwai wuta a kansu. Kod ɗaya tak yake riƙewa, kana ba shi wuta zai hau gudanar da shi yana maimaitawa ba gajiya har sai ka cire.

Maganar baka karanta lantarki ba, ai don irinku aka yi shi. A 2005 aka fara Arduino a wata makarantar koyon zane-zanen kayayyaki da ke garin Ivrea a Italiya, su Massimo Banzi da abokan aikinsa ne suka haɗa shi saboda ɗalibansu waɗanda ba injiniyoyi ba ne, kuma sun ɗora ne a kan wani aiki mai suna Wiring na Hernando Barragán. Shi Uno ɗin a 2010 ya fito. Aisin da ke kan Uno ɗin da aka fi sani, wato R3, ATmega328P ne, gudunsa megahaz 16, wurin ajiye kod kilobait 32, RAM kuma kilobait 2 kacal, ko hoto ɗaya daga wayarka ba zai shiga ba. Yana da ƙafafun dijital 14 da na analog 6. In ka kwatanta da ESP32 na kamfanin Espressif da ya fito a 2016, mai gudun har megahaz 240 ga WiFi ga Bluetooth, toh gaskiyar wanda yace maka Uno ya tsufa ce.

Amma duk da haka ni Uno zan ce ka fara dashi, kuma dalilina ba na ƙarfi ba ne. Yana aiki da bolt 5 wanda yawancin sensa da kayan koyo suke so, an rubuta sunan kowace ƙafa ɓaro-ɓaro a jiki, ramukansa a shirye suke ka soka waya kawai ba sai ka kama dalma ba, kuma duk matsalar da zaka faɗa a ciki wani ya riga ka faɗawa shekaru goma da suka wuce ya rubuta yadda ya fita. Shi ESP32 bolt 3.3 yake aiki dashi, ka ba ƙafarsa bolt 5 kana iya lalata ta, sannan bod ɗinsa iri-iri ne, wani ƙafa 30 wani 38, jerin ƙafafun ba ɗaya ba, wasu ƙafafun kamar 34 da 35 ji kawai suke yi ba sa fitar da wuta, wasu kuma in ka jona musu abu lokacin kunnawa bod ɗin ƙin tashi zai yi. Mai koyo da bai ma gane inda zai sa rizisto ba, in ka ƙara masa waɗannan sai ya rasa ta ina laifin ya fito ya ajiye abin gaba ɗaya.

Akwai kuma Raspberry Pi Pico, ƙanin wancan babban, wanda ya fito a watan Janairun 2021 da aisi RP2040. Shi maikurokontirola ne na sosai, kuma in ka riga ka ɗan iya Python zaka ji daɗinsa don yana ɗaukar MicroPython, kana rubutawa a manhajar Thonny kana ganin sakamako nan take. Sai dai shi ma bolt 3.3 ne kuma sau da yawa yana zuwa ba a liƙa masa ƙafafu ba, ka duba kafin ka saya. Kod ɗin Arduino kuwa C++ ne da aka sauƙaƙa, kashi biyu ne, setup da ke gudu sau ɗaya da loop da ke ta zagayawa.

Kar ka damu da wai sai na asali. Zanen bod ɗin a buɗe aka sake shi kowa na iya ƙera irinsa, sunan Arduino ne dai mallakar masu shi, kwafin yana aiki lafiya ƙalau illa ƴar matsalar direba da zamu zo kanta a ƙasa.

TAMBAYA: Malam ni bani da kwamfuta sai waya, kuma ban samu halin sayen bod ba tukuna. Akwai yadda zan fara ko in haƙura? — Daga wani mai karatu

AMSA: Kar ka haƙura ɗan'uwa. Akwai shafuka da ke kwaikwayon bod ɗin a burauza, Tinkercad na kamfanin Autodesk da kuma Wokwi, zaka ja waya ka jona LED wato ƴar ƙaramar fitila ka rubuta kod ka danna ka ga yana aiki. A ƙaramin allon waya akwai takura sosai wajen jan wayoyin, amma ana yi. In ka samu bod ɗin kuma wayarka Android ce, akwai manhaja irin ArduinoDroid da ke loda kod ta wayar OTG. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, a kwaikwayo waya ba ta saki, batir ba ya sanyi, komai ba ya ɗaukar zafi, don haka ranar da ka kama na gaske zaka ga abin da yayi aiki sumul a allo yana maka gardama a tebur, kar ka ɗauka ka manta karatu ne.

TAMBAYA: Injiniya na ga ana sayar da akwati mai sensa 37 a ciki, shi zan saya ko akwai wanda yafi? — Daga wani mai gyaran waya

AMSA: Maigida wannan akwatin ba lokacinsa ba ne tukuna. Rabin abin da ke ciki zai shekara baka taɓa ba. Abin da zaka ci moriyarsa tun ranar farko shi ne bod ɗin da wayar USB ɗinsa, biredibod wato farantin roba mai ramuka da ake soka kaya a haɗa su ba dalma, wayoyin jamfa na sokawa a ramukan, LED kamar goma, rizisto na om 220 da 1k da 10k, ƴan maɓallan dannawa, fotenshomita ɗaya wato irin abin murɗa ƙarar rediyo, LDR mai jin haske, ƴar buza, sai ƙaramin moton servo, mai juyawa iya kusurwar da aka ce masa, irin SG90. In da hali ka ƙara HC-SR04 mai auna nisa da DHT11 ko DHT22 mai auna zafi da danshi. Tunda kai mai gyara ne nasan kana da mita, toh ka riga ka fi yawancin masu farawa, don su sai su sayi sensa ashirin ba mita ko ɗaya alhali ita ce za ta gaya maka ko wuta na isa inda kake zato tana isa.

TAMBAYA: Salam. Na jona LED a ƙafa ta 8 da GND kai tsaye kamar yadda na gani a wani hoto, ya yi haske sosai na ɗan lokaci sai ya mutu. Na canza wani na sa rizisto a biredibod kuma yanzu ko kamawa baya yi. Bod ɗin ne ya ƙone? — Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, da wuya ace bod ɗin ne, amma kin kusa ƙona shi. Bari in tsaya a nan sosai don wannan ita ce tambayar da duk wanda ya gane ta ya gane rabin abin.

LED ba ya iya tsayar wa kansa iyaka, duk wutar da aka ba shi zai ja har ya ƙone. Ƙafar Uno kuma miliampiya 20 aka ce a tsaya, 40 shi ne ƙarshen abin da za ta iya ɗauka kafin ta lalace. Aikin rizisto shi ne ya rage kwararar. Lissafin ba wuya: ƙafar na fitar da bolt 5, jan LED na cinye kusan bolt 2, saura 3. Ki raba 3 da 220 zaki samu kusan 0.014, wato miliampiya 14, ya ishe shi haske kuma ƙafar ba ta wahala ba. Wannan ita ce dokar Ohm da ake ta tsorata mutane da ita, bolt a raba da om ya ba da ampiya, shi kenan. Rizisto na 220 mai zobe huɗu launinsa ja, ja, ruwan ƙasa, sai zoben zinare a ƙarshe. In kika ɗauko mai ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, wannan 10k ne, LED zai kama amma dishi-dishi har ki ɗauka bai kama ba. In zoben biyar ne ko launin ya rikita ki, ɗora mita ki auna ki huta.

Yanzu ga abin da nake zargi ya same ki a karo na biyu. Ɗauki LED ɗin ki duba ƙafafunsa, ɗaya ta fi tsawo, doguwar ita ce fozitib ita za ta fuskanci ƙafa ta 8, gajeriyar ta tafi GND, wato negatib ɗin bod. In an datse ƙafafun sun zama daidai ki shafa gindin kwalbar, akwai gefen da aka ɗan shafe ya zama a miƙe, wannan gefen ne negatib. In kika juya shi ba zai ƙone ba a bolt 5 ɗin nan da rizisto, ƙin kamawa kawai zai yi. Sai biredibod ɗin kansa. A ƙarƙashin robar akwai ƴan ƙarafa da ke haɗa ramuka biyar-biyar, a b c d e layi ɗaya ne, f g h i j wani layin daban, kwarin da ke tsakiya ya raba su. Duk abin da kika soka a cikin ramuka biyar ɗin nan a haɗe yake da juna. Masu koyo da yawa sai su soka ƙafafun LED biyu a layi ɗaya, ko ƙafafun rizisto biyu a layi ɗaya, wutar ta bi ƙarfen ta wuce abinta. Ko kuma su sa rizisto a layi na 10 LED a layi na 11 suna ganin ai kusa suke, alhali ba abin da ya haɗa su. Dogayen layukan gefe masu ja da shuɗi su a tsaye suke tafiya, kuma a wasu manyan biredibod sun katse a tsakiya sai kin gada su da ƴar waya.

Don ki tabbatar da lafiyar bod ɗin, cire komai daga jikinsa, ki buɗe misalin Blink da ke zuwa a cikin manhajar Arduino ki loda. Akwai ƙaramin LED a jikin bod ɗin mai alamar L da ke haɗe da ƙafa ta 13, in ya fara ƙyaftawa duk daƙiƙa ɗaya toh bod ɗinki na nan da ransa. Daga nan ki mayar da LED ɗinki ƙafa ta 9 ki canza lambar a kod, in ya kama a 9 ya ƙi a 8, ƙafa ta 8 ce ta tafi, sauran 13 sun ishe ki. Ki kuma duba kin rubuta pinMode kin ce OUTPUT a setup, in babu shi hasken da zaki gani kaɗan ne ƙwarai.

TAMBAYA: Malam na sayi Arduino Nano kwafi, duk lokacin da na danna loda sai ya daɗe yana tunani ya fito da jan rubutu wai programmer is not responding, wani lokacin ma wajen zaɓar fot ɗin a dushe yake baya dannuwa. Na goge manhajar na sake sawa har na gaji. — Daga wani mai karatu

AMSA: Daina goge manhajar ɗan'uwa ba laifinta. Fara da wayar USB ɗin. Akwai wayoyi da yawa da caji kawai suke yi, babu silin data a cikinsu, bod zai kawo wuta ka ga fitilarsa ta kama ka ɗauka komai daidai amma kwamfuta ba ta san da zamansa ba. Gwada wayar da ka tabbatar tana tura hoto daga waya zuwa kwamfuta. In fot ɗin har yanzu bai fito ba, juya bod ɗin ka karanta rubutun ƙaramin aisin da ke ƙasa, yawancin kwafi CH340 ne a wurin, sai ka sauke direbansa, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ka sa. Masu ESP32 su kuma sau da yawa CP2102 ne ko shi CH340 ɗin.

In fot ya fito amma jan rubutun bai daina ba, shiga Tools wajen zaɓar furosesa ka zaɓi ATmega328P mai tsohon butloda, wato ɗan kod ɗin cikin aisi da ke karɓar lodi, Nano kwafi da yawa da tsohon suke zuwa kuma wannan kaɗai ya sha warware wa mutane matsalar. Sannan ka tabbatar ba abin da ke jone a ƙafa 0 da 1, ta nan kod ke shiga, in ka rataya musu wani abu kamar modul ɗin Bluetooth lodin ba zai wuce ba sai ka cire. Tunda muna wajen, ranar da ka buɗe siriyal monita, wato tagar da bod ke rubuto maka saƙo a kwamfuta, ka ga wasu haruffa marasa kan gado, lambar gudun ce ba ta zo ɗaya ba, in kod yace 9600 monita ma ta zama 9600.

TAMBAYA: Barka Injiniya. Ina haɗa ƴar mota mai taya biyu, na jona moto a ƙafar bod kai tsaye baya juyawa sai ƙara yake, da na sa direban moto kuma yana juyawa amma da zarar ya tashi sai bod ɗin ya mutu ya sake kunnuwa. Batir mai bolt 9 ɗin nan mai kusurwa huɗu nake amfani dashi sabo fil. Kod ɗina ne ba daidai ba? — Daga wani matashi

AMSA: Kod ɗinka bai yi komai ba ƙanena, yunwar wuta ce. Kuma ka gode Allah da ƙafar ba ta ƙone ba a gwajin farko, mun ce miliampiya 20 take bayarwa, ƙaramin moto kuwa yana jan ɗaruruwa, lokacin tashi ko in taya ta maƙale ya ja fiye da haka nesa. Ƙafar bod umarni take bayarwa, ba ita ke ɗaukar kaya ba, kamar ɗan sandan da ke ba da hannu a mararraba, shi nuni kawai yake yi, injin kowace mota ne ke jan ta. Don haka moto ko rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, ko dogon zaren LED duk sai an sa taransisto ko ɗan bod ɗin direban moto a tsakani, su kuma su sha wutarsu daga wani wurin.

Shi wannan batir mai bolt 9 lambar ce ke ruɗar mutane. An yi shi ne don abubuwa masu shan wuta kaɗan-kaɗan kamar mita da ƙararrawar hayaƙi, in ka ce ya juya moto biyu nan take bolt ɗinsa zai faɗi, bod ya ga wuta ta yi ƙasa ya sake tashi daga farko, moto ya tsaya, batir ya farfaɗo, kod ya sake kunna moto, a sake komawa gidan jiya. Ɗora mitarka a kan batir ɗin lokacin da moton ke tashi ka kalli yadda lambar ke zubewa, zaka gani da idonka. Ga kuma direban, in L298N ne shi kansa yana cinye kusan bolt 2 kafin ya miƙa wa moto saura.

Mafita ka ba moto nasa batir, ko AA guda shida a jere, ko 18650 guda biyu waɗanda kowanne bolt 3.7 ne yana kaiwa 4.2 in ya cika. In 18650 ne ka yi hattara, ka sa su a gidansu na roba, ka yi caji da cajar da aka yi dominsu, kar ka ɗora musu dalma kai tsaye, kar kuma kawunansu su haɗu don suna iya kama wuta. Sai babban abin da ake mantawa, dole GND na bod da negatib na batir ɗin moto su haɗu da waya ɗaya. In babu wannan haɗin direba ba shi da ma'aunin da zai gane ko bod ya ce kunna ko kashe, sai ka ga moto na abin da ya ga dama. Wanda kuma ke amfani da taransisto ɗaya maimakon direba ya sa dayod irin 1N4007 a juye a kan ƙafafun moton, zoben dayod ɗin na kallon fozitib, domin duk abu mai naɗin waya in aka yanke masa wuta yana maido da wani bugu da ke kashe taransisto.

In kace zaka ciyar da bod ɗin da fawa bank, yana yi, sai dai wasu fawa bank ɗin in suka ji abin da ake ja yayi kaɗan sai su kashe kansu bayan ƴan daƙiƙu, kar wannan ma ya sa ka zargi kod.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara goma sha ɗaya ya dame ni sai na saya masa irin wannan abin, kullum cikin kwance rimot da tocila yake. Ni tsorona kar wuta ta ja shi. Ya dace da shekarunsa? — Daga wata uwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Bolt 5 na USB ba ya jan mutum, ko ya riƙe wayoyin da hannu ba abin da zai ji, mafi muni wani abu ya ɗau zafi ko LED ya ƙone. Abubuwan da zaki hana shi su ne soket ɗin bango da duk abin da ke jone dashi, batiran litiyam tsirara, da ƙarfen dalma in ba babba a kusa. In akwai ƙananan ƙanne a gidan a kula da ƴan ƙananan kayan da batir mai kama da kwabo, haɗiye shi haɗari ne babba.

A shekarunsa ni micro:bit zan ce, wanda BBC ta fitar aka raba wa ƴan makaranta a Birtaniya a 2016. Yana da LED 25 a jikinsa, layi biyar-biyar, da maɓalli biyu A da B da sensa mai jin motsi, ba sai an jona komai ba zai rubuta sunansa ya gan shi yana wucewa a fitilun. Kod ɗin kuma a MakeCode ake yi, tubala ne masu launi ake ja ana haɗawa, babu ruwansa da manta waƙafi. In ya ƙware ya fara jin ya matse shi, sai a koma Uno ko Pico. Rimot ɗin da ya kwance ma kar a zubar, akwai LED na infrared a bakinsa da wata rana zai yi amfani dashi.

TAMBAYA: Na sa maɓalli don ya kunna LED, amma tun kafin in danna yake kunna kansa, ko hannu na kawo kusa sai ya canza. Kuma wani lokacin in na danna baya ji sai na riƙe. Aljanu ne a bod ɗin? — Daga wani mai karatu

AMSA: Babu aljani ko ɗaya malam. Ƙafar da aka ce ta saurara amma ba a ɗaure ta da bolt 5 ko GND ba tana reto ne, duk ɗan abin da ke iska har na jikinka tana ɗauka. A pinMode rubuta INPUT_PULLUP, ka jona maɓallin tsakanin ƙafar da GND, aisin yana da rizisto a cikinsa da zai riƙe ta a sama. Ka dai tuna abin ya juye, in ba a danna ba HIGH zaka karanta, in an danna LOW.

Rashin jin kuma ina kyautata zaton delay ka cika a kod ɗin. In ka rubuta delay(1000), bod ɗin tsayawa yake cak na daƙiƙa ɗaya baya ji baya gani, ka danna ka saki a cikin wannan lokacin ya wuce shi. Akwai misali a manhajar mai suna BlinkWithoutDelay, yana nuna yadda ake amfani da millis, wato agogon da ke ƙirga tun lokacin da aka kunna bod, kana leƙa shi kana ci gaba da sauran aiki. Ka zauna da misalin nan har ya shige ka, kar ka kwafa kawai ka wuce, don duk aikin da ya haɗa abu biyu a lokaci ɗaya sai ka dawo kansa. In kuma ka ga dannawa ɗaya na ƙirguwa biyu ko uku, ƙarfen cikin maɓallin ne ke ɗan tsalle kafin ya zauna, ka sa kod ya yi watsi da duk canjin da ya zo cikin milisakan 50 bayan na farko.

TAMBAYA: Yallaɓai ni bana son ɓata lokaci da su ƙyafta LED, so nake aikina na farko ya zama kunna fitilun ɗakina da fanka daga waya ta intanet. Na sayi ESP32 da rile mai hanya huɗu, ka ban kod ɗin kawai. — Daga wani mai sauri

AMSA: Kod ɗin ba shi ne wahalar ba ɗan'uwa, amma ba zan ba ka a yau ba. Wutar gida kashe mutum take yi, kuma bod ɗin rile a ƙasansa duk dalma ce tsirara, hannunka ko wani ƙarfe a tebur ya taɓa shi kenan. Ba a kai ta kan biredibod, wayoyin jamfa ba nata ba ne, kuma lambar ampiya 10 da ka gani a jikin rile ba ta nufin duk bod ɗin da sukurorinsa za su jure haka na tsawon awanni a rufe a bayan silin. Wannan ɓangaren aikin mai wayarin ne da ya san aikinsa, da akwati rufaffe da fis.

Sannan abin da ka ɗauka aiki ɗaya ne a gaskiya aiki huɗu ne a cure, kuma in ka haɗa su lokaci guda ya ƙi yi baka da yadda zaka san wanne ne ya ƙi. Fara da sa ESP32 ya ƙyafta LED ɗin da kake rainawa, a nan zaka gane ko naka irin wanda sai an danne maɓallin BOOT yake karɓar kod ne. Daga nan ka sa shi ya hau WiFi ya rubuto maka adireshinsa a siriyal monita, ka tuna ESP32 na asali gigahaz 2.4 kawai yake gani, in rauta ko hotsifot ɗinka na kan 5 zai yi ta nema bai samu ba. Sai ka yi ɗan shafi mai maɓalli ɗaya da ke kunna LED ɗin daga burauzar wayarka, a kan WiFi ɗaya tukuna, fita dashi intanet wani karatu ne daban mai buƙatar kalmar sirri da tsaro. Bayan haka ka cire LED ka sa rile, ba tare da komai a bakinsa ba, ka saurari ƙas-ƙas ɗinsa. A nan zaka ci karo da abu biyu, yawancin waɗannan rile ɗin bolt 5 suke so su kuma ƙafafun ESP32 3.3 suke bayarwa don haka wani yakan maƙale a kunne ya ƙi sakewa, kuma da yawansu LOW ne ke kunna su ba HIGH ba, sai ka ga komai ya juye maka.

In duk wannan ya zauna, jona masa fitila ko ƴar fanka mai bolt 12 ka bar shi yana aiki mako guda, ka kashe rauta ka kunna ka gani ko zai koma da kansa, ka cire masa wuta ka mayar ka gani a wane hali rile ɗin ke tashi, a kunne ko a kashe. In ka kai nan ka sake rubuto min da hoton haɗin naka da sunan rile ɗin, sai mu yi maganar abin da zaka kai wa mai wayarin.